Filasta da cingam na nikotin: abin da na gani bayan wata 14 da barin sigari

Na sayi kwalin filastar nikotin da cingam ɗinta kwana 9 bayan an sallamo 'yata daga asibiti, kuma sai da suka ƙara mako biyu a aljihun tebur kafin na iya buɗe su. Yau wata 14 ke nan rabona da taba sigari, bayan shekara 23 ina ƙarar da kwali guda a kowace rana, wani lokacin har da ɗoriya, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da waɗannan kaya biyu suka yi mini, da inda suka gaza, da kuma kurakuran da ni kaina na tafka wajen amfani da su. Kamfanoni da yawa ne ke yin su, ma'auninsu kuma kusan ɗaya ne, don haka a kan kayan zan tsaya, ba a kan sunan da ke jikin kwali ba.

Ba za a fahimci hukuncina ba sai an san halin da nake ciki lokacin da na saye su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana da shekara 57, wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi zuciyarsa ta buga, kuma tun yana saurayi yake shan taba. Ƙaninsa, baffanmu, ya fi shi daɗewa, sai dai huhunsa ya lalace, shekarunsa na ƙarshe da robar iska a hanci ya yi su, idan zai faɗi magana ɗaya sai ya raba ta gida uku yana tsayawa neman numfashi. Da na haura 40 sai na tsinci kaina ina lissafin shekarun da suka rage tsakanina da 57. Nakan farka cikin dare in ɗora hannu a ƙirji ina ƙirga bugun zuciyata, ɗan sukan da bai kai ya kawo ba sai ya hana ni barci har asuba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da wannan tsoro ya taso, maganin da na sani guda ɗaya ne: in lallaɓa in fita waje in kunna kara. Abokan shan taba sukan ce, "Kowa da ajalinsa, mai sha zai mutu, wanda bai taɓa sha ba ma zai mutu." Na yi imani ajali na hannun Allah, amma na san a raina cewa laɓewa kawai nake yi a bayan wannan magana.

A irin waɗannan darare ne na karanta labarin binciken da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara a Birtaniya a 1951, inda aka bi rayuwar dubban likitoci har tsawon shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka dawwama a kan taba ita ce ke zama sanadinsu, kuma mai sha yakan yi asarar kimanin shekara 10 daga rayuwarsa. Wannan ɓangaren ya ƙara tayar mini da hankali ne kawai. Ɓangaren da ya zauna mini a rai shi ne na gaba: wanda ya bari yana ɗan 30 yakan ceto kusan duka shekaru 10 ɗin, ɗan 40 yakan ceto kimanin 9, ɗan 50 kimanin 6, ɗan 60 ma yana samun kimanin 3. Ina da 43 a lokacin. Na rubuta lambar 9 a wata 'yar takarda na sa a jakar kuɗina, amma duk da haka sai da na ƙara wata bakwai ina sha.

Rashin lafiyar 'yata ce ta katse jan ƙafar. Tana da shekara 6, asma ta tayar mata da tsakar dare, ƙirjinta yana wani irin fito kamar ana hura iska ta cikin siririn kara, haƙarƙarinta na lotsawa da kowane numfashi. Da gari ya waye likitar ta dube ni ta ce, "Malam, akwai mai shan taba a gidan?" Na ce ni ne, amma a waje nake sha, ko a bakin taga, a mota kuwa ina sauke gilashi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce ni na jawo wa yarinyar ciwon ba. Ta dai bayyana mini cewa hayaƙi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, yana bin ƙofa da taga ya shiga ɗaki, yana maƙalewa a tufafi da labule da kujerun mota, kuma babu wani ɗan adadi nasa da za a ce ba ya cutarwa. Hayaƙin da yara ke shaƙa daga manya yana tayar da asma, yana kawo ciwon kunne da ciwon huhu, a jarirai kuma yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Manya ma ba su tsira ba, domin wanda ke zaune da mai shan taba haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Tun a 1981 wani masani ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da mazansu ke shan taba sun fi kamuwa da sankarar huhu alhali su ba sa sha. Na tuna uwargidana, wadda ta shekara 12 tana wanke rigunan da ke warin taba ba ta taɓa ɗanɗana ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu hayaƙin wasu ne kawai suka shaƙa.

Dabarar da ke bayan filasta da cingam mai sauƙi ce. Wani likita a Landan mai suna Michael Russell ya taƙaita ta a 1976, inda ya ce mutane don nikotin suke shan taba, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce ke kashe su. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna haddasa sankara, ga kuma iskar kabon monoksaid da ke ƙwace gurbin iskar numfashi a cikin jini. Nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mutum: yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, cikin kamar sa'a 2 kuma rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara neman wani. Abin da waɗannan kaya ke yi shi ne su ba jiki nikotin ɗin shi kaɗai, a hankali, ba tare da hayaƙi ba, sannan a riƙa rage shi mataki-mataki. A Suwidin aka ƙirƙiro cingam ɗin, ƙarƙashin wani masanin haɗa magunguna mai suna Ove Fernö, filastar kuma ta shiga kasuwar Amurka a ƙarshen 1991, kuma tun 2009 dukansu biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Filastar da na yi amfani da ita matakai uku ce: mai miligiram 21, da mai 14, da mai 7, kowace tana aiki na sa'a 24. Wanda ke shan fiye da kara 10 a rana da babbar yake farawa, ya yi mako 6, sannan mako 2 a kan ta tsakiya, mako 2 a kan ƙaramar. Da safe bayan wanka nakan tsane jiki sosai, in yage ledar, in manna ta a damtse ko a saman ƙirji inda babu gashi, in danne da tafin hannu ina ƙirgawa zuwa goma, washegari kuma in sauya wuri. Na taɓa gwada barin taba da ƙarfin tsiya har sau huɗu, kuma na san yadda kwana na biyu da na uku suke: hannu na rawa, kai kamar an ɗaure shi da igiya, magana kaɗan sai faɗa. Da filasta a jikina waɗannan kwanaki sun zo da sauƙin da ban taɓa gani ba. Ƙawar tabar tana nan, amma ta koma kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga waje, alhali a da cikin ɗakin take tana jijjiga ni. Na iya zama na yi aiki, na iya sauraron yarana ba tare da na daka musu tsawa ba, kuma a wurina wannan kaɗai ya isa in yaba mata.

Tana da nata matsalolin, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Rabin sa'ar farko wurin yakan yi ƙaiƙayi da ɗan zafi, idan aka cire ta kuma takan bar jan tabo mai siffarta wanda kan kwana ɗaya ko biyu kafin ya baje. Ranar da na yi gumi da yawa gefenta yakan ɗago, har sau biyu na tarar ta faɗi cikin riga ban sani ba, sai da na ji raina yana ɓaci ba dalili na laluba na gane. Abin da ya fi damuna shi ne mafarkai. Idan aka kwana da ita, nikotin na ci gaba da shiga jini cikin dare, mafarki kuma sai ya zo tar kamar ido biyu. Dare uku a jere ina ganin mahaifina zaune a bakin gado, sunkuye kan takalminsa, ina kiransa ba ya ɗagowa. Ga mutumin da tsoron mutuwa ya riga ya hana shi barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai harhaɗa magunguna da na koma wurinsa ya ce mini, "Malam, wannan sananne ne, ka riƙa cire ta idan za ka kwanta." Na yi hakan, mafarkan suka lafa, sai dai safiya ta ƙara nauyi, domin nakan tashi jiki babu nikotin, sabuwar filastar kuma tana ɗaukar sa'o'i kafin ta kama aiki sosai. Akwai kuma abin da duk mai ƙananan yara zai kiyaye: filastar da aka cire tana da sauran nikotin da zai iya cutar da yaro idan ya manna ko ya tsotsa, don haka a ninke ta gida biyu ta manne da kanta, a jefar inda hannunsa ba zai kai ba.

Cingam shi ne ya cike wannan giɓi na safiya, amma da farko na kusa yanke masa hukuncin da bai cancanta ba. Na jefa shi baki na shiga tauna kamar kowane cingam, cikin minti biyu maƙogwarona ya ɗauki raɗaɗi, shaƙuwa ta sarƙe ni, zuciyata ta fara tashi, na tofar na ce wannan ba abin da mutum zai iya da shi ba ne. Ashe ba haka ake yi ba. Ana tauna shi a hankali har a ji wani ɗan yaji-yaji, sai a tsaya a maƙale shi tsakanin kunci da dasashi, domin ta fatar cikin baki nikotin ɗin ke shiga jini, wanda aka haɗiye da yawu kuwa ciki kawai yake ɓatawa. Idan yajin ya kwanta a sake taunawa kaɗan a mayar da shi, haka har kamar minti 30. Ba a shan kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin a sa shi ko yayin da yake baki, saboda tsaminsu na hana shi shiga. Ƙarfinsa iri biyu ne, miligiram 2 da 4, kuma wanda ya saba kunna karan farko cikin minti 30 da tashi daga barci, kamar ni, mai 4 ya fi dacewa da shi. Duk wannan bayani yana cikin takardar da ke cikin kwalin, amma an ninke ta ninki takwas an cika ta da ƙananan rubutu, alhali wannan umarni shi ya kamata a buga da manyan baƙaƙe a bayan kwali. Ina da yaƙinin cewa mutane da dama sun watsar da cingam ɗin a rana ta farko saboda abin da ya same ni. Ɗanɗanonsa ba daɗi, ko da mai ƙamshin na'ana'a ne, muƙamuƙi kuma yakan gaji, mai haƙoran roba ma zai sha wahala da shi. Amma bayan cin abinci, ko lokacin da waya ta kawo labari marar daɗi, wato lokutan da hannuna ke tafiya aljihu da kansa, shi ne ya tsaya mini. Ƙawar kan zo ta yi 'yan mintoci ta wuce, abin da ake buƙata kawai shi ne abin riƙewa har ta wuce.

Kuskurena mafi girma shi ne gaggawa. A mako na huɗu na ji garau, na ce na warke, kuma wani tunani ya shige ni cewa ai filastar ma nikotin ce, gara in rabu da ita tun da wuri. Na daina mannawa. Kwana biyar bayan haka aka kira ni cewa yayana ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, jininsa ya hau. Ya samu sauƙi daga baya, amma a daren, a bakin asibiti, na roƙi wani mutum kara ɗaya, na ce wa kaina guda ɗaya ba zai yi komai ba. Cikin kwana 10 na koma kwali. Na so in lallashi kaina da cewa zan riƙa shan ɗaya ko biyu kawai a rana, sai na ci karo da wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya nuna cewa kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan 20. Ga ɗan gidan da ciwon zuciya ya riga ya ɗauki mutum ɗaya ya kuma taɓa na biyu, ragewa ba mafita ba ce. Da uwargida ta ji warin a rigata ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Maigida, sauran filastar na nan inda ka bar ta." A karo na biyu na cika mako 10 ɗin cif, na haɗa da cingam tun ranar farko, ina sa shi a kan lokaci ba sai ƙawa ta taso ba, kuma ban rabu da shi gaba ɗaya ba sai a wata na biyar.

Abin da na gani a jikina ya yi daidai da abin da bincike ya tabbatar. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta tattara daga gwaje-gwaje sama da 100 ya nuna cewa waɗannan kaya na ƙara yiwuwar barin taba da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, haɗa filasta da wani mai saurin aiki kamar cingam kuma ya fi amfani da ɗaya shi kaɗai. Sai dai a karanta wannan adadi da idon basira. Cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba da taimakon komai ba, kimanin 3 zuwa 5 ne ke kai wa shekara, don haka ko an ƙara rabi a kai, mafi yawa za su koma, su sake gwadawa. Wanda ya haɗa da shawarwarin ma'aikacin lafiya ya fi samun nasara, kuma akwai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da likita ke rubutawa idan waɗannan ba su wadatar ba. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda bai kai 18 ba, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, su fara ganin likita kafin su saya. Haka ma mai shan wasu magunguna na dindindin, domin barin hayaƙi na sauya yadda hanta ke sarrafa wasu daga cikinsu.

Wannan batu na hanta ya shafe ni ta hanyar da ban zata ba. A makonnin farko zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi da yamma, tsohon tsoron ya dawo sabo, na tabbatar wa kaina cewa na makara, abin da ya sami mahaifina ya iso. Likitan da ya auna ni ya tambayi kofi nawa nake sha, na ce kofi huɗu kamar kullum. Ya bayyana mini cewa hayaƙin taba na sa hanta ta ƙone sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da sauri, idan aka bari kuma sai kofi ɗaya ya yi aikin da ya fi na da, don haka in rage shi zuwa rabi. Bugun ya daidaita cikin kwanaki. A wannan zuwan ne kuma aka gano jinina ya ɗan hau, aka ɗora ni a kan magani, abin da na shekara biyar ina gudun a gano saboda ina jin kunyar tambayar da na san za a yi mini game da taba.

Filasta ba ta cire mini tsoron mutuwa ba, babu kuma inda aka rubuta a kwalinta cewa za ta yi hakan. Abin da ta yi shi ne ta raba tsoron da ashana, ta yadda idan ya zo cikin dare ba ni da inda zan gudu sai in zauna da shi har ya lafa. Yanzu idan na farka, lissafin da nake yi ya sauya. Cikin sa'a 12 da bari iskar kabon monoksaid ke komawa daidai a jini, bayan shekara 1 ƙarin haɗarin ciwon zuciya kan ragu zuwa kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhu ya sauka zuwa kusan rabi, bayan 15 kuma haɗarin ciwon zuciya ya yi daidai da na wanda bai taɓa sha ba. Na wuce biyun farko. Gadon da na ɗauko daga gidanmu yana nan, shekara 23 na hayaƙi ma ba su goge ba, na kuma ƙara kilo 5 da nake fama da su har yanzu, amma tarin safiya ya tafi, kuma ina hawa bene hawa uku ba tare da na dafa bango ba.

Ga duk wanda ke shan fiye da kara 10 a rana, shawarata ita ce ya sayi biyun tare, ya karanta 'yar takardar nan duk ƙanƙantar rubutunta, ya sa ranar farawa, ya kuma cika makonnin ko da ya ji ya warke a tsakiya. Filastar na fi yabawa saboda sauƙinta, cingam ɗin kuma sai an koya kafin a ji amfaninsa.

Uwargida ta sauke labulen gidan duka ta wanke a watan farko, ruwan wankin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ta kira ni na tsaya na kalla. Asmar 'yata ba ta rabu da ita ba, abin shaƙarta yana nan a jakar makaranta, sai dai tun daga wancan dare ba mu sake kwana a asibiti ba. Kwanakin baya ta hau cinyata ta cusa hanci a wuyan rigata, ta daɗe a haka, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, yanzu sabulu kake ƙamshi."